Kabeji a Kan Gada

Norris Ogden ya cuci matar da ba ta daɗe da binne mijinta ba. Da gangan ya cuce ta, da rana tsaka, yana murmushi, mutane kuma suna yaba masa. Na faɗa masa a gaban idonsa, na faɗa a taron kwamiti, ga shi kuma ina rubutawa, don kada nan gaba wani mai taushin zuciya ya ce ai kuskure aka yi. Babu wani kuskure.

A jikin gadar dutse da ke tsakiyar Skelderby akwai ƙugiyoyin ƙarfe goma sha biyu, shida a kowane gefe. Duk bazara a nan ake rataye kwandunan furanni, kuma duk wanda ya shigo garin, a bas ko a ƙafa, su yake fara gani. Kowa na da tukwanensa a ƙofar gida, kowa na da ɗan layin furanninsa a gindin katanga, amma gada ta mutum ɗaya ce. Shekara ashirin da biyu tana hannun Wilf Hebden. Shekara ashirin da biyu kuma Norris yana tsallaka ta yana kallon ruwa don kada idonsa ya faɗa kan kwandunan.

Wilf ya rasu a watan Nuwamba. A watan Fabrairu kwamitin furanni ya zauna a zauren gari don a san wanda zai gaje shi. Misis Enid Pickersgill ce shugaba, ni ne magatakarda. Norris ya sha aski, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ba a kai ga buɗe taro ba sai ga Glenda, matar marigayin, ta turo ƙofa, lemarta tana ɗigar ruwa.

"Ina son gadar," ta ce.

Glenda ta yi shekara talatin a gidan waya tana sayar da kan sarki. Ko albasa ba ta taɓa dasawa ba. Ɗakin gilashin da Wilf ke rainon tsirrai, ba ta shigarsa sai in za ta kai masa shayi.

"Glenda, ƙawata, zauna ki sha shayi tukuna," in ji Enid.

"Na sha a gida. Kwandunansa suna nan a rumfa, sha biyu, kowanne da lambarsa. In wani ya rataya nasa a can, to sai dai in fitar da su in ƙona, don ba zan iya kallonsu ba. Ku ba ni bazara ɗaya."

Norris ya gyara murya. "Ni ba don kaina nake magana ba. Amma fure ba kan sarki ba ne da za a lasa a manna."

"Kai ma ba Wilf ba ne, Norris, amma ga ka a kujerarsa."

A kanta yake kuwa. Ya ɗan muskuta, bai tashi ba.

Aka ba ta bazara ɗaya, bisa dokar da muka gada. Duk abin da zai hau gada sai an raine shi daga iri a cikin garin, ko naka ko kyautar maƙwabci. Ba a saye. Kuma ranar da alƙalan gasar furanni ta garuruwa za su zo daga babban gari, Laraba ta uku a watan Yuli, dole kowane kwando ya kasance da fure a buɗe. In ɗaya ya rasa, gada ta koma hannun Norris. Ni na rubuta, Glenda ta sa hannu.

Ta yi ƙoƙari, ba zan hana ta wannan ba. Ta nemo gwangwanin irin Wilf, ta shuka a watan Maris, ta jera akwatunan a kan kowace taga ta gidan har ba ta da inda za ta ajiye agogo. Suka fito, suka yi kyau. Sai farkon Mayu ya zo da rana mai daɗi kwana biyar a jere, mutane suka tuɓe rigunan sanyi, ta ga ai bazara ta shigo. Ta kwashe su duka ta fitar tsakar gida, ta bar su suka kwana a waje.

Ko yaro a Skelderby ya san ba a fitar da dashe kafin Asabar ɗin ƙarshe ta Mayu. Ranar farkon Mayu maƙaryaciya ce. Washegari raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa, kafin hantsi dashen Glenda ya kwanta baƙi ƙirin kamar dafaffen ganye. Ko guda bai tsira ba.

Asabar ɗin ƙarshe ta Mayu ita ce ranar dashe. Ana fitar da tebura a gaban zauren gari, kowa ya kawo rarar abin da ya raina, a yi musaya, a sha shayi, a ci kek, a yi ƙaryar cewa bana ba a sha wahala ba. Kowane akwati da ɗan tsinken askirim a soke, an rubuta sunan tsiron da fensir. Abin da ke jikin tsinke shi ne gaskiya. A kan wannan ake karɓar kyauta ido rufe.

Ni ba na nan. Aikina ginin katangar dutse ne, kuma na karɓi aikin wata guda a wata gona can saman kwari. Amma mutum goma sun ba ni labarin, bakinsu ɗaya. Glenda tana tsaye da kofin shayi ba ta ko kurɓa, tana kallon ragowar da ba za ta cika kwando uku ba, sai ga Norris ya turo baro. Akwati takwas, kore shar, ƙoshi kamar a ci.

"Ga shi, Glenda," ya ce da ƙarfi yadda na bayan tebur zai ji. "Ba zan tsaya ina kallon gadar Wilf tsirara ba. Gasa daban, maƙwabtaka daban."

Ta karanta tsinkayen ɗaya bayan ɗaya. Fetuniya. Lobeliya. Begoniya. Sunayen furannin da ta saba ji a bakin mijinta. Hawaye ya cika mata ido.

"Norris, na yi maka mummunan zato. Ka yafe ni."

"Haba, ba komai. Ki dai cika su sosai, kada ki yi musu rowar taki."

Yanzu ga laifi na biyu, kuma wannan na gari ne gaba ɗaya. A wurin nan akwai masu lambu sun fi talatin. Kowannensu ya leƙa cikin baron, kowannensu ya ga abin da ke ciki. Ganyen tumatir ba ya ɓuya, ko makaho ya murza zai ji ƙamshinsa. Ga wake, ga latas, ga ƙaramar kabewa, ga alayyafo mai jan kara, ga kabeji. Babu wanda ya ce uffan. Wannan yana ganin ba huruminsa ba ne, wancan yana jin nauyin kunyata Norris a bainar jama'a, waccan tana cewa mace mai makoki ba a ɓata mata rana. Suka ce, "Kai, sun yi kyau," suka koma kan kek. Mu mutanen nan mun ɗauki yin shiru ladabi ne. Sau da yawa tsoro ne kawai ya sa kayan fita.

Glenda ta shimfiɗa gansakuka a kwandunan Wilf, ta zuba ƙasa, ta dasa su yadda ta ga yana yi, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, ta soke tsinkayen a ciki. Aka kama mata aka rataye. Mako huɗu tana hawa tsani safe da yamma da butar ban ruwa, tana jiran fetuniya. Mako huɗu mutane suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Glenda, sai girma suke yi."

Na dawo a bas ɗin ƙarfe goma ranar wata Talata a ƙarshen Yuni. Da muka hau gada na leƙa ta taga, na ce da direba ya tsaya. Na sauka da jakata. Glenda tana kan tsani.

"Len! Barka da dawowa. Ka ga yadda suka yi?"

"Na gani. Glenda, wannan kabeji ne."

"Wanne?"

"Wanda kike shafawa."

Ta zaro tsinken ta duba. "An rubuta begoniya."

"Ko an rubuta sunan sarauniya, kabeji ne. Wancan tumatir. Wannan mai neman abin da zai kama wake ne. A duk gadar nan babu furen ado ko ɗaya. Miya kika rataya."

Ta sauko a hankali, ta zauna a kan matakalar ƙasa. Na ɗauka kuka za ta yi, har na fara laluben hankici. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take, har da riƙe ciki.

"Wata guda ina yi wa kabeji magana, Len! Ina ce masa daure ka yi fure, ɗan albarka." Ta share ido. "Kowa ya sani?"

"Kowa."

"Har Enid?"

"Ita ce kan gaba."

Dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙugiyoyin.

"Saura mako uku," na ce. "Sabon iri ba zai kai ba."

"Akwai wurin sayar da furanni a hanyar babban gari," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kwando cikakke, an gama komai. Motar ƙanwata tana da faɗi."

"Akwai. In kin yi, zan rubuta a littafi cewa kin saya."

"Na san za ka rubuta, tsohon dutse. Gwada kaina nake in ji yadda maganar za ta fito." Ta miƙe ta karkaɗe siket. "Ba ta fito da kyau ba. Wilf zai tashi ya biyo ni da cebur. To faɗa mini, a cikin tarkacen nan wanne ke yin fure?"

Na faɗa mata. Wake yana yi, tumatir yana yi, kabewa tana yi. Muka bi kwandunan muna dubawa. Sha ɗaya kowanne yana da ɗaya daga cikinsu. Na sha biyu, wanda ke ƙarshen gada ta wajen coci, ba komai cikinsa sai kabeji ɗaya da latas.

Daga nan ban wuce gida ba, gidan Norris na nufa. Na same shi a ƙofa yana tsinke busassun furanni daga tukwanensa, waɗanda suka yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

"Me ka ba Glenda?"

"Wayyo, Len, ka gani kai ma? Ni kaina abin ya dame ni. Idon nan nawa ya fara tafiya. Akwatunan ne suka cakuɗe."

"Takwas duka?"

"Tsufa ke nan."

"Idon da ke hango ƙwaro a bayan ganye daga tsallaken titi? Me ya hana ka je ka faɗa mata?"

"Ina zan iya? Mace mai makoki."

"Kai maƙaryaci ne, Norris."

"Kawo shaida," ya ce, ya ci gaba da tsinke furanninsa.

Ba ni da ita. Matarsa Beryl tana taga tana goge gilashi. Ta dube ni, ta dube shi, ta ci gaba da gogewa.

Mako ukun da suka biyo baya ban taɓa ganin mace ta yi aiki irinsu ba. Glenda ta buɗe gangar Wilf da ke bayan rumfa, wadda yake jiƙa kashin tumaki a ciki, ta toshe hanci da gyale, tana ɗiba tana sirkawa tana ba su. Ta ɗaura zare daga ƙugiya zuwa ƙugiya don waken ya bi. Ta ari littafi a laburare, ta dawo tana gyara mini magana a kan yadda ake cire reshen tumatir. Kabeji ɗaya ya yi nauyi har ya tsinke ya faɗa kogi, ya tafi yana juyi, masu jiran bas suna yi masa bankwana. Waɗanda suka yi mata shiru a da, yanzu kunya ta sa kowa ya zama mai ba da shawara. Tana sauraro, ta ce, "Ashe kana da baki," ta ci gaba da aikinta.

Sai waken ya yi fure. Rabi ja, rabi fari, ya zubo ta gefen gada har yana neman taɓa ruwa. Kabewa ta buɗe nata manya, ruwan ƙwai, kamar bakin kakaki. Tumatir ya sauko gungu-gungu, na sama yana fure, na ƙasa yana ja. Ƙudan zuma suka cika wurin. Ban taɓa ganin gadar haka ba, kuma ban san ko ina so ko ba na so ba.

Saura na sha biyu. Zafi ya yi yawa a makon farko na Yuli, latas ɗin ya fara miƙewa yana fitar da kara a tsakiya. Duk mai lambu ya san wannan abin kunya ne. Latas ɗin da ya yi kara ya lalace, ɗaci ne da shi, cire shi ake yi tun maƙwabta ba su gani ba.

"Tuge shi," na ce mata. "Ya tafi."

"Ina ya tafi?"

"Iri zai yi."

"Kafin iri fa, me yake yi?"

Shekara arba'in ina shuka latas, ban taɓa barin guda ya kai nan ba.

"Littafin ya ce fure yake yi," ta ce. "Kada ka taɓa mini shi."

Ranar Laraba alƙalan suka zo, wani dogon mutum mai hular ciyawa da wata mata 'yar duma-duma mai riƙe da allon rubutu. Suka zaga gari, suka tsaya a ƙofar Norris suka jinjina kai. Da suka iso gada sai dogon ya cire hularsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji Glenda. "Ba da niyya ba."

Matar ta bi kwandunan ɗaya bayan ɗaya, ta tsinki tumatir ta jefa a baki ba ta nemi izini ba. A na sha biyu ta tsaya. Latas ɗin ya kai tsawon hannu, a kansa ga wasu ƙananan furanni ruwan ɗorawa, ba su fi maɓallin riga ba, guda bakwai. Na ƙirga.

"Wannan latas ne da ya lalace," in ji dogon.

"Da fure ko babu?" in ji Glenda.

Ya sa tabarau ya duƙa. "Akwai."

"To rubuta."

Da yamma, bayan sun tafi, kwamiti ya zauna a kan maganar gada. Zauren ya cika, har waɗanda ba su taɓa zuwa taro ba. Norris ya miƙe da takarda a hannu.

"Ni ina girmama Glenda," ya ce. "Amma gadar Skelderby ba kasuwar kayan miya ba ce. Baƙi suna tsayawa suna dariya. Doka ta ce fure. Kowa ya san abin da kakanninmu ke nufi da fure."

"Kai ka ba ta su," wani ya faɗa daga baya.

"Na ce kuskure ne! Sau nawa zan faɗa?"

Beryl ce ke raba shayi ranar. Ta ajiye butar a gaban Enid, ta goge hannu a jikin rigar aikinta.

"Shugaba, a ba ni minti biyu."

"Beryl, zauna," in ji Norris.

"Shekara talatin da huɗu ina zaune, maigida. Ƙafata ta yi tsami." Ta juya wajen mutane. "Waken nan mai ja da fari, wa ke da irinsa a garin nan? Babu. Na mahaifina ne, a gwangwanin biskit nake ajiye shi. Ni na shuka shi a watan Afrilu, da tumatir, da kabewa, da sauran, akwati takwas, don tukunyata. Ranar dashe na je gidan 'yata ganin jika. Na dawo, babu akwati ko ɗaya. Na ce, Norris, ina kayana? Me ka ce mini?"

Norris yana kallon takardarsa.

"Ya ce dodon koɗi ya cinye. Takwas. Har da akwatunan, da alama."

Dariya ta ɓarke. Enid ta buga cokali a jikin kofi.

"Glenda, kina da tsinkayen?" in ji Beryl.

Glenda ta buɗe jakarta ta zube su a kan tebur. Ta cire su tun ranar da na faɗa mata, amma ba ta zubar ba.

"Len, juya guda ka karanta. Kai ne mai karatu," in ji Beryl.

Na ɗauki ɗaya. A gaba an rubuta lobeliya, da hannun Norris, wanda na sani kamar nawa. Na juya. An goge bayan da yatsa, amma fensir ya riga ya shiga katako. Na karkata shi wajen taga. Da ƙaramin rubutun Beryl an sa: Waken Baba. Na juya na biyu. Tumatir. Na uku. Kabeji.

"Wanda ido ya yaudara ba ya goge suna ya rubuta wani," na ce.

"Kuma rowa ta hana shi sa sabon tsinke," in ji Beryl. "Akwai cikin kwalba guda a rumfa, amma sai ya juya nawa. Haka yake da ambulan ma. In kuna son sauran, ku je bayan ɗakin gilashinmu ku ɗaga buhunan da ya rufe. Kwando sha biyu ne a jere, fetuniya da lobeliya, an auna su daidai da ƙugiyoyin gada. Tun watan Mayu suke jira."

"Tun yaushe kika sani?" Enid ta tambaya.

"Tun ranar da waken ya yi fure."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In na faɗa a gida, mutum ɗaya zai ji, kuma kurma ne. Na jira a taru."

Norris ya ninke takardarsa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Daga ƙarshe ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina jira. Na fi Wilf iya lobeliya, kowa ya sani."

"Ka fi shi," in ji Glenda. "Shi ma yana faɗa. Da ka zo ka ce mini haka a watan Fabrairu, da ka koya mini, mu raba shida-shida. Ni ba gasa nake da kai ba, Norris. So nake in tsallaka gada in ga kwandunan mijina."



Enid ta miƙe. Ta ce kafin a yanke wa Norris hukunci, ita ma tana da nata laifin, domin ta leƙa baron ta ga kabeji ta ce ya yi kyau. Ta nemi gafarar Glenda. Ta ce duk wanda ya gani ya yi shiru ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi a hankali, kamar masu ciwon kafaɗa. Na ƙirga talatin da ɗaya, na rubuta.

"Ku sauke, kun ba ni kunya," in ji Glenda. "Kowa ya zo gobe ya tsinki wake, ya yi yawa. Banda na iri, na Beryl ne."

Aka kaɗa ƙuri'a. Kwando sha biyu, fure a sha biyu, duka rainon gari, duka kyautar maƙwabci. Gada ta zama ta Glenda Hebden muddin tana so. Bayan mako biyu takardar alƙalai ta iso. Skelderby ta zo ta biyu, kamar kullum, amma a ƙasa matar ta ƙara da hannunta cewa tumatirin gada ya fi na kowane gari zaƙi. Glenda ta ce baɗi za ta dasa furannin gaske, amma na sha biyu latas za a bar masa.

An haramta wa Norris Ogden shiga gasa shekara uku. Kwandunansa sha biyu an rataye su a jikin bayan gida na jama'a da ke wurin ajiye motoci, ba tare da sunansa ba. Ɗakin gilashi ya koma hannun Beryl, makulli yana aljihunta. Norris ke ba kwandunan gada ruwa safe da yamma har ranar da raɓa ta fara daskarewa, da buta, daga kogi yake ɗebowa, Glenda tana tsaye tana nuna masa wanda bai ƙoshi ba.